Kujerar Baya

Daren Laraba, ruwa na dukan kwanon gidanmu a Negombo,
na ture kwanon shinkafa gefe,
na shimfiɗa taswira tsakanin butar shayi da gishiri.
Kwana tara gare mu,
da kuɗin da na ɓoye a gwangwanin madara tun bara waccan.

Ban rufe baki ba Mama ta ɗora yatsa a Tangalle.
"Teku," in ji ta.
Na ce ga teku nan a bayan gida.
Ta ce, "Wannan na aiki ne, ƙarnin kifi da bashi.
Ina son wanda zan zauna gabansa
ban bin kowa, ba mai bina."

Tharindu ƙanena ganuwar Galle yake so,
lungunan da gishiri ya cinye wa fenti,
ƙofofin da suka girmi kakan kakanmu.
Hoto zai ɗauka, na sani,
akwai wata yarinya da yake son ta gani.

Ni dutse nake so. Na rubuta Sri Pada a ƙarshe,
na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Baba yana can gefe yana ɓare lemo.
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa baƙi,
ba kwanar da bai san sunanta ba.
Bai ko dubi takardar ba yake gyara mini:
"Kar ki bi ta Hatton da yamma, hazo zai rufe ki.
Ki sha mai tun a Avissawella.
Bayan gadar nan birai na tsallakawa, ki sassauta."

Na ce, "Baba, can saman fa, yaya yake?
Da gaske inuwar dutsen na kwanciya kan gajimare?"

Ya daɗe yana cire zaren lemon.
"Haka suke faɗa," ya ce.
"Ni ina ƙasa da mota."

Sau ɗari biyu, ko fiye, ya kai mutane gindinsa.
Ƙarfe biyun dare su kama matakala da tocila,
shi ya kwantar da kujera, ya rufa da tawul.
Da hantsi su sauko ƙafa na rawa,
su nuna masa fitowar rana a waya.
A Galle ya san inda ake ajiye mota a inuwa.
A Tangalle ya san ɗakin direbobi,
bayan kicin, ba taga,
ana jin teku ta bango kamar maƙwabci mai minshari.

Mama ta tashi wai za ta duba tukunya.
Ba komai a kan wuta.

Na ɗauki abin goge fensir.
Dutsen ya dawo farko, tun gwiwa na da sauran ƙarfi,
kwana biyu maimakon ɗaya, mu hau a hankali.
Galle a tsakiya, mota a waje, mu shiga da ƙafa.
Tangalle a ƙarshe, ɗaki mai taga,
ko da kuɗin hoton Tharindu zai tafi a kai.
Ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya rufe.

"Wa zai tuƙa?" in ji Baba.
Na ce ni.
"Kina taka birki kamar mai kashe kyankyaso."
Na ce ya rufe ido, kujerar baya tasa ce.

Akwai ƙararrawa a can sama,
kowa na kaɗa ta adadin hawan da ya yi.
Ya tambaya ko ana lissafa na gindi.
Na ce sau ɗaya zai kaɗa, kamar ni.

Da asuba na ji motsi a tsakar gida.
Ruwa ya ɗauke.
Baba ne sanye da takalmin Tharindu,
yana hawa matakalar tankin ruwa, yana sauka,
goma sha huɗu ce duka,
yana ƙirgawa a hankali kar ya tashe mu.