Babban Yatsa

Mai wa'azin da ya zo daga Yelwa ya ce
wanda aka sake haihuwarsa ya gama da zunubi,
kamar yadda maciji ke barin saɓarsa a gindin ƙaya
ba ya ko waiwayenta.
Majami'a ta ɗauki amin har kwanon rufi ya amsa.
Ni ma na ce amin,
amma na tura hannun dama ƙarƙashin mayafi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da Fasto Irmiya ya nutsar da ni a rafin bayan Dabai,
ruwan ƙarshen damina, ja wur, sanyi har ƙashi.
Ina fitowa na wuce gida, na ɗauko tsohon muduna
wanda maƙeri ya bubbuga wa gindi ya taso ciki,
na jefa shi masai.
Tun daga ranar kasuwar Zuru ta san awon Tabita:
a cika, a yi tozo, a ƙara gyara.

To, kasuwar da ta wuce
wata 'yar Rikoto ta zo sayen dawa mudu huɗu,
goyo a baya, ido a kan canji.
Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata.
Babban yatsana kawai ya sulale cikin mudun,
ya kwanta inda ya saba kwanciya tun ina budurwa,
ya cinye gurbin ƙwayar da ba ta kai cikin tafi ba.
Sau huɗu.
Sai da ta ɓace a layin masu manja na ga aikinsa.

Wa ya tashe shi?
Ai tare aka nutsar da mu.
Ko ranar na ɗaga shi sama ne ina laluben numfashi,
ruwa bai taɓa shi ba?

Da dare na gaya wa Gomo, yana ɗaure ƙotar fartanya.
Bai ɗago ba. Ya ce,
gonarmu ta gindin dutse, shekara nawa muna tuge ƙuduji?
Mun ƙone, mun zuba taki, mun bar ta ta huta,
bana ga shi nan da furensa kamar an gayyato shi biki.
Na ce, a bar gonar ke nan?
Ya ce, tuwon da kika ci yanzu, daga ina ya fito?

Da asuba na ƙulle dawa a leda, fiye da abin da na rage,
na taka har Rikoto ina tambaya gida gida.
Keziya sunanta, ashe.
Ta ce, Mama, a kan wannan kika sha rana?
Ta ba ni ruwa a moɗa, ta raka ni bakin hanya.

A dawowa ne zuciya ta fara kiɗa.
Wa zai yi haka duk layin masu hatsi?
Ba Lami mai rumfar kusa da ni ba.
Ba ma matar fasto ba.
Kafin in kai kwalbati na gama tsara
yadda zan ba da shaida a zumuntar mata,
har da inda zan ɗan dakata muryata ta yi rawa.
Na tsaya a inuwar ɗorawa na yi dariya har hawaye.
Na kori ɓera ta ƙofa,
ya dawo ta taga sanye da farar riga.

Ba zan ja da mutumin Yelwa ba,
ya yi karatu, ni awo na iya.
Wataƙila nasa hannun ya daɗe da yin shiru.
An biya bashina, wannan na gaskata,
ba na kwana da tsoron mai bi.
Amma yatsan nan yana jikina,
da shi za a sa ni a rami,
sai ranar da Mai shi ya tashe shi sabo.

Gobe kasuwa.
Na wanke mudu na kife a kan turmi.
Ya Ubangiji, in na zura hannu cikin buhu
ka riƙe mini babban nan.
Sauran huɗun ma, kada ka yi nisa da su.