Aladaniya

Sau uku na dasa ki a bayan ɗakin girki.
Sau biyu na kashe ki da hannuna,
ba da gatari ba, da butar ban ruwa.

Shekara talatin da ɗaya na yi a cikin jirgin ruwa,
can ƙasa, inda inji ke numfashi,
daga Firayus zuwa Irakiliyo, daga Irakiliyo zuwa Firayus.
Karatuna ɗaya ne: in ƙarfe ya yi kuka, a ba shi mai.
Da na ajiye aiki na dawo ƙauyenmu a tsibirin Kirit
sai na ɗauka tsiro ma haka yake.
Na haƙa rami har gwiwa, na cika shi da takin tumaki,
safe ruwa, yamma ruwa,
ganyenki ya yi rawaya,
saiwarki ta ruɓe kamar igiyar da ta shekara a teku.

Eftihiya ta leƙo ta kan katanga,
shekara tamanin, haƙori biyu, dariya cike da baki.
"Manusos, wa ka taɓa gani ya hau dutse da buta?
Wannan gata ne ajalinta.
Ka ba ta tsakuwa,
ka ba ta rana,
ka ba ta baya."

Na ji haushi. Na yi kwana huɗu ban gaishe ta ba.

Amma da ruwan Oktoba ya sauka
na hau tudun da ke bayan coci,
wurin da gobara ta lashe shekara biyu da suka wuce.
Itacen zaitun na tsaye baƙi ƙirin, ba su farfaɗo ba,
ke kuwa kin fito daga toka, ɗari bisa ɗari,
kamar wutar ce ta ƙwanƙwasa miki ƙofa.
Na tono ƙaramarki da cokali,
na sa ki a ƙasa mafi talauci a gidan,
inda ko kaza ba ta tono.
Na rataye buta a ƙusa.
Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na cusa shi a aljihu.

Sanyi ya zo ya wuce, ba ki zubar da ganye ba.
Bazara ta zo, shiru.
Wata shekarar, wata safiya cikin Afrilu,
na fito da kofin gahawa
sai ga fure, ruwan hoda, kunne biyar,
a yamutse kamar wasiƙar da ta kwana a aljihun wando,
tsakiyarsa gwaiduwar ƙwai,
ƙudan zuma ya riga ni isowa.
Kafin la'asar duk ya zube.
Na tsaya da tsintsiya ina zargin kaina,
washegari sai ga bakwai.

In rana ta take a watan Yuli ganyenki kan yi gumi,
wani danƙo mai ƙamshi da ke kama yatsa.
Kakana da mataji yake tsefe shi daga gemun awaki,
ya dunƙule, ya kai kasuwa.
Na shinshina yatsana, sai ga rigarsa,
sai ga tarinsa a bakin ƙofa.

'Yata Argiro tana Hambug, tana aikin jinya.
Da, sau uku nake kiranta a yini:
kin ci abinci? kin sa rigar sanyi? wa ya raka ki gida?
Har wayar ta koma ringi kawai.
Ban ce na koyi wani abu ba.
Na dai sa wayar a kan taga, kusa da butar.

Ran Lahadi ta yi ƙara da kanta.
"Baba, me kake yi?"
"Ina shara."
"Ɗauko mini hoton furen nan naka."
Na duba. Ƙarfe huɗu ta wuce,
duk suna ƙasa, iska na juya su a kan tsakuwa.
Na ce, "Ba ya jiran mutum, sai da safe ake ganinsa."

Ta yi shiru.
Ina jin motoci na wucewa a garin da ban sani ba.
Can ta ce, "Har yaushe yake yi?"
Na ce, "Zuwa ƙarshen Mayu, in zafi bai yi gaggawa ba."

Eftihiya na bayan katanga, na san tana ji.
Na ci gaba da shara.