Gwiwar Hagu

A Anglo-Jos, bayan wani tsohon sito,
akwai ɗaki mai sanyi, ba taga,
inda nake tsofar da wanduna.
Aikina ke nan. A kansa ake biyana ƙarshen wata.

Ƙarfe bakwai Kaneng ke turo amalanke,
jins shuɗi, sabo dal, ko ƙuda bai sauka a kai ba.
In shimfiɗa, in miƙar da ƙafafun, in sa baƙin tabarau,
in danna.
Ɗigon haske, da kaɗan ya fi ƙwayar acca,
ya hau cinya da gudu kamar cinnaka ya ji wuta.
Hayaƙi siriri ya bi bututu,
ƙauri kamar an manta tsumma a bakin murhu.
Kafin in haɗiye kurɓin shayi
wandon ya shekara goma.

Leza ake ce masa. Ba ya gumi, ba ya tari.
Kafin zuwansa Mato ne da sanfefa,
yana gurzar gwiwa ɗari biyu a wuni
har kakinsa ya koma shuɗi.
Yanzu gadin ƙofa yake, numfashinsa na busa usur.
Bai tsani injin ba. Cewa ya yi,
da ma ya zo tun ƙirjina yana nawa.

Rannan manaja ya ce kasuwa ta gaji da zanenmu,
a nemo masa tsufa mai kama da gaske.
Sai na tuna akwatin ƙarfe a Gangare,
ƙarƙashin gadon Baba,
da wandon ƙarshe da ya yi haƙar kuza da shi,
wanda Inna ta sha alwashin yin tsumma da shi
har ta rasu ba ta yi ba.

Na ɗauki hotonsa, na zuba a kwamfuta.
Komai ya fito:
layukan tsuguno a bakin rami,
zoben gwangwanin taba a aljihun baya,
da gwiwar hagu, fara fat, har zare ya leƙo.
Ta dama kuwa da sauran ƙarfinta,
don a kan hagu yake durƙusawa
in yana wanke laka a kwano, yana jiran baƙin yashi ya kwanta.

Manaja ya ce a daidaita su, ido na son daidai.
Na ce to.
Ban daidaita ba.

Daƙiƙa ɗaya da rabi, haske ya gama
abin da ya ci Baba damina shida.
Muka buga dubu huɗu. Ko sati uku ba su yi ba.

Ranar Talata na ɗauko Baba daga asibiti a Keke Napep,
cunkoso ya tsare mu a Taminus.
Ga wani yaro a gefen titi, tafin hannunsa kamar tsokar gwanda,
yana latsa waya, yana tauna cingam,
sanye da gwiwar mahaifina.

Baba ya daɗe yana kallo.
Na ga idonsa ya sauka kan aljihun baya, ya dawo kan hagu.
Na shirya bakina don bayani, bayanin ya ƙi zuwa.
Ya ce, Tanimu, yaron nan a wane rami yake?
Na ce ban sani ba, Baba.

Ya shafa tasa gwiwar, wadda ke riga kowa sanin
cewa sanyin Jos ya kusa.
Ya ce, leƙa ka faɗa masa
ya riƙa gasa ta da ruwan zafi da dare,
ya bi da man kaɗanya.
Yanzu ba zai ji ba.
Sai nan gaba take karɓar bashinta.

Hanya ta buɗe. Mai keke ya ja.
Ban leƙa ba.