Mai Wanke Kofunan Jibi

A cocinmu na kan tudu a Recife
ni ce mai wanke kofunan jibi.
Tamanin da uku ne, ɗaya ya tsage.

Tun da zaɓe ya shigo mana ta taga
benci ya zama kan iyaka.
Genivaldo ya koma dama,
Zuleide ta kwashe jikoki ta yi hagu,
su da suka shekara ashirin kan littafin waƙa guda.
In fasto ya ce a gaisa da salama
sai kowa ya tuna igiyar takalminsa.

Ni ina bayan labule da baho.
Nakan ɗaga kowane kofi ga fitila
in nemi sawun leɓen dama, in nemi na hagu.
Ban taɓa ganewa ba.
Ja ɗaya ne ke kwance a gindinsu.

Daren da ruwa ya zaftare tudu
laka ta haɗiye ɗakin Zuleide har taga.
Kafin asuba ga Genivaldo da shebur,
da ciwon bayansa,
yana haƙa yana mita:
har gobe ƙuri'arta kuskure ce.
Ta miƙa masa gahawa, ta ce tasa dai.
Ya sha.

Ya Yesu, ba su gama shiryawa ba, ka sani.
Amma Lahadin nan benci ɗaya suka zauna,
jakarta a tsakani.

Tsagaggen kofin nawa ne.
Yana yoyo,
bai dai taɓa isa bakina wayam ba.