Shaidar Washa

A hawa na tara, can Mabushi,
iska na fizgar rigar aikina.
Barau ya rantse ya ɗaure duka,
har dantsensa na tsami.

Ban musa ba. Na durƙusa,
na zaro ma'auni siriri kamar reza,
ina neman kafa ƙarƙashin noti.
Inda ƙurajen washa suka kwanta
ƙarfe ya hana ni shiga,
sai in goga alli in wuce.

Na talatin da bakwai
ya buɗe mini ƙofa ba sallama.

Barau ya leƙa ƙasa,
inda Tabawa mai kunu ke jera robobinta
daidai inuwar wannan ginshiƙi.
Bai ce uffan ba.
Ya share zufa,
ya miƙa hannu a ba shi sifana.