Sawu a Bakin Gaji

Tun kafin liman ya sallame
Gidado ya buga min ƙofa da gindin sanda.
Bai ce ina kwana ba.
Ya ce, "Tanimu, fito ka ga aikin 'yarka."
Haka suke kiranta a rugar bayan Mainamaji
tun ranar da na rataye bindigar toka
na sa kakin gadin daji.

Mun tarar da karsanar a gindin kirya,
wuya a karye, ciki a buɗe,
raɓa ta kwanta mata a ido kamar ba abin da ya faru.
Ja ce, mai farin goshi,
wadda ya ware don sunan jikansa.
Na san ta. Na sha nonon uwarta.

Na durƙusa ina karanta ƙasa.
Ga dagi, babu farce. Kura ce ke barin farce.
Damisa ce, mace,
ƙafar baya ta hagu tana ɗan ja,
tsohon cizon tarko.
Sai ga wani sawu yana bin nata,
bai fi gindin kofin shayi ba.
Na kifa tafina a kansa,
amma Gidado ya riga ni gani.

A aljihunsa akwai ƙullin leda,
garin nan da masu shinkafa ke saye a kasuwar Alkaleri.
Bara an barbaɗa irinsa a mushen bijimi.
Ni na ƙirga da hannuna:
ungulu goma sha bakwai, kura biyu, dila ɗaya,
da karen Jebbu, autansa, da ya bi wari.
Ƙi-sabo ko sansanawa ba ta yi ba.

Ya ce, "Burtalin da ubana ya bi, yau masara ce.
Fadama ta zama shinkafa.
Masu gawayi sun aske tudun can
kamar kan jariri ranar suna.
In na yi gabas, ku kama ni.
In na yi yamma, mai gona ya kai ni gaban alƙali.
Ina zan sa ƙafar saniya?"

Na ce, "Ita ma tambayarta ke nan.
Gadar da take ci an kyafe ta,
tana kan faranti a bakin titi."
Ya tofar da yawu. Bai amsa ba.

Ban yi masa alkawarin diyya ba.
Takardar bara tana ofis, gara ta ci gefenta.
Abin da na iya na yi:
kwana uku muna saran farar ƙaya, ni da samarinsa,
hannuwanmu duk jini,
har shingen garke ya wuce kan mutum.
Na ɗaura fitilu huɗu masu shan rana,
suna ƙyafta ido har asuba.
Dudu, matarsa, ta riƙe haɓa
ta ce garke ya koma gidan biki.

Ledar dai bai ba ni ba.
Ni ma ban tambaya ba.

Wata bakwai ke nan.
Akuya ɗaya ta tafi, wadda aka manta a waje.
An yi faɗa, an huce.

Jiya a mashaya na ga sawu biyu cikin laka,
ƙaramin ya kusa kamo na uwar.
Ina tsugune sai inuwar sanda ta faɗo a kaina.
Gidado ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ya ce, "Jikarka ta girma."
Sannan ya kaɗa shanunsa suka bi ta ƙasa,
can inda ruwan ya fi dauɗa,
ya ƙara wa ƙafarsa nisan da ba dole.

Na bi bayansa da ido.
Aljihun nan har yanzu a kumbure yake.
Wataƙila goro ne.