Haruffa Huɗu

A nan Aisilan rana ba ta san madaidaici ba.
In ta zo sai ta ƙi tafiya, ta kwana bisa teku ido biyu,
in ta tafi kuwa sai ka rantse ba a taɓa yin ta ba.
Haka babana Hallgrimur yake.
Shekarar da muka cika tara, ni da Steinunn,
sau uku ya sake wa jirgin kamun kifinsa fenti cikin mako guda,
ya ciyo bashi ya sayi wani, ya raɗa masa sunan innarmu,
yana rera waƙa a bakin ruwa, gari duk na barci.
Da sanyi ya shigo sai ya juya fuska ga bango.
Kwana arba'in romo na hucewa a gefen gadonsa.

Yau ni ce cikin farar riga a Reykjavik,
ina ɗiga jinin mutane a 'yan kwalabe,
na'ura na karanto mini littafin da ke cikin kowa,
wanda aka rubuta da haruffa huɗu tak,
an jera su sau biliyan uku, babu waƙafi, babu aya.
Da fushi na shigo aikin nan.
Ɓarawo ɗaya nake nema,
in damƙe wuyansa in ce, kai ka sace mini uba.

Ashe taron dangi aka yi mana.
Harafi ya kauce a nan, wani ya zame can,
da yawa, kowanne shi kaɗai
bai isa ya karya tsinke ba,
kuma har a jinin masu lafiya suna nan kwance.
Akwai wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar ƙwaƙwalwa
da kalsiyam ke bi ya shiga in saƙo ya zo.
Muna zargin ta.
Ko saurin buɗewa take, ko nawar rufewa,
har hira tsakanin jijiyoyi ta koma ihu,
ihun kuma ya gaji ya koma shiru?
Muna zargin agogon jiki ma,
mai gaya wa ido dare ya yi.
Zargi dai. Shaidun ba su gama hallara ba.

Ni da Steinunn ƙwai ɗaya ya fashe da mu.
Littafinta nawa ne, kusan harafi da harafi.
Ita ce ta taka kan rufin coci tana shekara ashirin da biyu,
ba takalmi, tana cewa tana jin maganar tsuntsayen teku.
Ni ina gida ina wanke kofi.
An ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.
To ga ni, ya bar ni,
kuma ban san wa zan gode wa ba, ban san wa zan ba haƙuri ba.

Gishirin litiyam take sha, safe da dare,
abu daga cikin ƙasa, fari, mai arha.
Ya riƙe ta shekara sha ɗaya
ba tare da ya gama faɗa mana yadda yake yi ba.
Hannunta na ɗan rawa in tana saƙa,
ta ce ladan zaman lafiya ke nan, ta biya.

Jiya ɗanta Kolbeinn ya miƙo mini hannu, ya naɗe riga.
Ki duba, ya ce, ko ni ma.
Na ce na'urata ba ta iya duba ba,
ƙidaya kawai ta sani.
Na saukar masa da hannun rigar, na ɓalle maɓallin.

Watan Yuni ya kama, hasken ya fara taurin kai.
Na kai wa Steinunn labule mai kauri,
na tsaya a ƙofa har na ji numfashinta ya daidaita.
Sannan na koma gida,
na kwanta, na kasa barci,
ina ƙirga ko dare na nawa ke nan.